Toka Cikin Farar Takarda

Campo Grande, Maris 1993

Yaya Massao,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Japan bai ƙarasa cinye maka kunnuwa ba. Mu nan muna lafiya, ruwan sama ya fara ja da baya, rumfar taliyarmu tana tafiya. Mutanen kasuwa suna gaishe ka, har da Dona Toshie ta rumfar kusa da tamu, wadda har gobe take cewa romonta ya fi namu, ita kaɗai kuma take jin haka.

Na ce muna lafiya ne don da haka ake buɗe wasiƙa. Kakarmu Bachan ba ta da lafiya. Ba ciwo ba ne da za a nuna da yatsa, abinci Bachan ta daina ci. Tun bayan sabuwar shekara take tsakura, yanzu kuwa in na kawo mata kwano sai ta ɗaga taliyar da tsinke, ta sake ta, ta turo min kayana. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba sai tsufa, amma in ta ci gaba a haka ba za ta ga ƙarshen sanyin bana ba. Haka ya faɗa, bai sakaya ba. Matar da ta rene mu da sayar da taliyar soba, yau ko romonta ba ta sha.

Na tambaye ta me ranta yake so, ta ce soba. Na ce ai ga shi gabanki. Ta ce wannan igiya ce aka jiƙa. Sai daga baya na gane inda ta dosa. Tun da hannunta ya fara rawa na koma sayen taliya a wurin masu inji, su kuma garin soda suke zubawa. Ita da ruwan toka take kwaɓa tata, ka tuna tulun nan na bayan kicin. A lokacin ni ina gaban rumfa ina yanka wainar ƙwai da ganyen albasa, ban taɓa lura ba. Kai ne mai ɗauko mata itace. Wane itace ne, kuma yaya take jiƙa tokar? In na tambaye ta sai ta juya wa bango fuska.

Aikinta na ninke takarda ma ta ajiye shi. Fitilun takarda na rumfa duk sun koɗe, babu mai yin sababbi. Abu ɗaya ne ya motsa ta. 'Yar Dona Toshie za ta yi aure, aka kawo kyauta don a naɗe ta, kamar yadda kowa ya saba kawo wa Bachan. Na zauna bakin gadonta ina naɗewa, sai na ji duka a bayan hannuna. Ashe na juya ninkin. Na biki, leɓen ƙasa ne ke hawa kan na sama, a ɗaure da zare ja da fari. Na mutuwa kuwa na sama ne ke rufe na ƙasa kamar mai sunkuyar da kai, zarensa baƙi da fari. Saura ƙiris in aika wa amarya ta'aziyya. Dukan ya yi zafi, amma na ji daɗinsa, don da sauran ƙarfi a hannun.

Na ɗaura aniya sai Bachan ta ci abinci, ko da itatuwan garin nan duka zan ƙona. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Neuza

Hamamatsu, Afrilu 1993

Neuza, uwar taurin kai,

Wasiƙarki ta iso, kunnuwana kuma suna nan biyu. Lafiyata ƙalau sai gajiya. Inji ba ya gajiya, shi ya sa yake zaton kowa haka yake. Ki gaishe da Bachan, ki ce mata jikanta yana cin abinci, ita ma ta yi koyi da shi.

Da zan iya da na aiko miki da soban nan ki nuna mata, ta gode wa Allah da naki. Ranar da na fara shiga shago na ce a ba ni soba, aka kawo min wata siririyar taliya ruwan toka, mai sanyi, a kan ɗan faifan gora, da ƙaramin kofin baƙin ruwa a gefe. Ba nama, ba ƙwai, ba citta. Na zauna ina jiran romo har mai shagon ya zo yana tambaya ko lafiya. Ashe namu na mutanen tsibirin Okinawa ne kawai, na nan daban. A gida ana ce min ɗan Japan, a masana'anta ɗan Brazil, a shagon taliya kuma na zama ɗan Okinawa. Kin tuna labarin da Bachan take ba mu, cewa a da labule suke sawa a bayan rumfa su ɓuya su ci, don kunyar ƙarar zuƙa a gaban 'yan ƙasa? To nan manya masu kwat da wando suna zuƙar taliya kamar famfo ya ja iska, babu mai ɗaga kai.

Ga abin da na tuna. Itacen gwaiba nake ɗauko mata, busasshe, ba ta yarda a haɗa shi da katako mai fenti ko takarda. Takan tankaɗe tokar, ta zuba a tulu, ta cika da ruwa, ta bar shi har ya kwanta, sannan ta ɗebi garai-garan na sama da ludayi. Ba ta awo, da harshe take gwadawa. Kullum kuma sai ta yi tsaki ta ce da babu gara babu daɗi, wai toka ta gaskiya ita ce ta gajumaru, itacen nan mai saiwoyi suna saukowa daga rassa, da ke bayan gidan ubanta a Haneji, garinsu na Okinawa.

Amma Neuza, kada ki kashe kanki. Bachan ta haura tamanin. Wataƙila ba taliya take nema ba, gida take nema, shi kuwa ba a tulu yake ba.

Zancen ninke-ninken takarda da kika cika shafi da shi, gaskiya na tsallake. Kin san tun muna yara, in ta fito da almakashi ni ƙwallo nake fitowa da ita.

Yayanki,
Massao

Campo Grande, Mayu 1993

Yaya,

Ina gaisuwa, na ji daɗi da kake lafiya. Ni ma lafiya, in ban da hayaƙi da ya mayar min da ido ja.

Me kake nufi da kada in kashe kaina? Na karanta layin nan har ya kusa gogewa, abin da na ji a cikinsa shi ne in naɗe hannu in bar ta ta tafi tunda ta haura tamanin. Daga nesa ana iya yin wannan lissafin. Ni nake ɗaga ta, ni na san nauyin da ya rage.

Na ƙona gwaiba. Ruwan farko ya yi ƙarfi, taliyar ta fito rawaya tana warin sabulu, ko karen maƙwabta ya shinshina ya wuce. Na biyu ya yi sanyi, ta narke a tukunya. Na gwada mangwaro, na gwada lemo, har Dona Toshie ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gawayi na koma sayarwa. A karo na baya-bayan nan ta yi kyau, tana da danƙo, in ka ciza tana turo haƙori. Na zuba romon ƙashin saniya, na sa ƙwai da albasa da citta, na kai mata. Ta ɗauki sili ɗaya ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Ta ce, "Kin kusa." Daga nan ta ajiye tsinke.

Sili ɗaya, Yaya, amma ya shiga ciki. Kunun shinkafa ne ke riƙe da ita, shi ma da lallashi. Gobe zan sake jiƙa wata tokar. Ka ƙara tunani ko akwai abin da ka manta, mai nema yana tare da samu.

Neuza

Campo Grande, Yuli 1993

Yaya,

Da fatan kana lafiya, ko da yake ban da hanyar sani. Idan maganata ce ta ɓata maka rai, ka rama a takarda, na fi son zagi a kan wannan shirun. Na je na buga waya gidan kwananku, wani ya ɗauka, Fotugis ɗinsa kaɗan, Japanancina babu, abin da na iya tsinta shi ne ba ka nan, da kalmar asibiti.

Sanyi ya shigo da ƙarfi. Bachan ba ta tashi daga gado yanzu. Tana tambayarka, ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Ban daina kwaɓa taliya ba kuma ba zan daina ba, amma ina jin tsoro. Ka rubuto ko da layi ɗaya ne.

Neuza

Agusta 1993. Wannan ba ta gidan waya ba ce, a gaban teburin kakanni zan ƙona ta.

Yaya,

Ban san yadda ake gaishe da mutum a inda kake ba. Ka iso gida jiya da yamma, ina jera kwanuka a rumfa. Wani dattijo mai suna Tibana ne ya kawo ka, daga Japan ya dawo, zai wuce Dourados. Ya cire hula, ya sunkuya, ya miƙo min da hannu biyu. Gwangwani ne a naɗe cikin farar takarda, leɓen sama ya rufe na ƙasa, zare baƙi da fari, ga sunanka a rubuce da hannun da ban sani ba. Ya ce shi bai san ka ba, wani ne ya ba shi saƙon a filin jirgi, da ya ga naɗin ya gane, sai ya riƙe ka a cinyarsa har Brazil, bai yarda a sa ka cikin kaya ba. Ya yi min ta'aziyya ya tafi kada mota ta bar shi.

Na girgiza shi a hankali, na ji motsin gari a ciki. Na san a can ƙona gawa suke yi. Ban iya buɗewa ba.

Na so in ɓoye ka a saman kabad, na kasa, ba ka tafi ƙasar mutane don ka dawo ka kwana da tsofaffin tukwane ba. Na sa ka a teburin kakanni, wurin tuna mamatanmu, bayan hoton Baba. Ban gaya wa kowa ba. In Bachan ta ji yanzu, da ciki babu komai, za ta bi ka, ni kuma ba zan ba da ku biyu a wata ɗaya ba. Sai ta ci ta yi ƙarfi tukuna. Don haka ka yi haƙuri da makoki, ka jira ni, akwai toka a tulu da zan tace.

Maganar ƙarshe da na aika maka mai zafi ce. Ita ce ke cin raina.

Neuza

Hamamatsu, ƙarshen Yuli 1993

Neuza,

Gaisuwa, kuma kada ki yi dariyar rubutun nan, da hagu nake yi. Wasiƙunki biyu na tarar a tare. Lafiyata lau yanzu. Na zame ne a wurin aiki na karya hannun dama, na ɗan kwana asibiti, ban gaya miki ba don kayan da ke kanki sun ishe ki.

Ba cewa na yi ki bar ta ba, uwar fassara. Amma da kika ce daga nesa ake irin lissafina, maganar ta zauna min. Tunda hannu ɗaya ba ya aiki a masana'anta, sai na hau jirgi na tafi Okinawa. Na nemi Haneji, na yi ta nuna tsohon hoton Bachan har aka kai ni wurin wani tsoho Seiko, ɗan ƙanenta. Gidan ubansu babu shi, amma itacen yana nan, ya fi rumfunan layinmu faɗi. Da na yi masa bayani da hannu da ƙafa, sai ya yi ta dariya yana share hawaye, ya ce ko a can an kusa daina wannan wahalar. Muka tattara busassun rassa muka ƙona a kan kwano mai tsabta, matarsa ta tankaɗe.

Tokar tana zuwa ta hannun wani da zai dawo gida wata mai kamawa, abokin ɗakina ne zai miƙa masa a filin jirgi, wannan wasiƙar za ta riga shi. Kuma don ki san ni ma jikan Bachan ne, ban aiko ta tsirara ba. Na sayi farar takarda mai kyau, na kwaikwayi ninkin wata ambulan da na gani a kanti, abokin ɗakina ya riƙe min ya kuma rubuta suna. Akwai zare kala-kala, na zaɓi baƙi da fari, launin ƙungiyar ƙwallonmu. Mai kantin ta yi ta sunkuya min tana magana ƙasa-ƙasa, mutanen nan akwai ladabi. Ki nuna wa Bachan naɗin kafin ki buɗe, ta ga ban lalace duka ba.

Yayanki,
Massao

Campo Grande, Satumba 1993

Marigayi Yaya Massao,

Ina gaisuwa, da fatan hannu ya warke, don ina so ya yi ƙwari kafin in karya ɗayan. Mu nan lafiya, wannan karon kuma da gaske nake.

Wasiƙarka da za ta riga saƙo ta iso bayan an gama komai. Mutuminka ya matso da tafiyarsa. A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wata takarda da na rubuta maka lokacin da kake matacce. Ban samu ƙona ta ba. Ka karanta ta duka, kada ka tsallake, ka ga abin da tsallake shafi yake jawowa. Launin ƙungiyar ƙwallo. Rashin sani ya fi dare duhu, amma naka har da fitila a hannu ka kashe ta.

Ga yadda aka yi. Da safe na kunna maka turare a teburin kakanni, a ɓoye, na shiga kicin ina kuka cikin tawul. Na manta hancin Bachan. Ta ji turare ba ranarsa ba. Matar da ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba, sai ga ta ta fito tana dafa bango. Kafin in tare ta ta ga farar takarda a bayan hoton Baba. Ta zauna a ƙasa, ta ce in miƙo mata. Na ce ba komai ba ne. Ta dube ni irin kallon nan, na miƙa.

Ba ta yi kuka ba. Ta shafa ninkin, ta karanta sunanka, ta kwance zaren a hankali, ka san ba ta yanka zare. Ta buɗe gwangwanin ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ina ƙashin?" Na ce wane ƙashi. Ta ce a can ba gari ake ba dangi ba, ƙashi ake tsinta a jera a tulu. Ina tsaye ta sa yatsa a ciki ta kai harshe. Na yi ihun da ya kawo Dona Toshie da ludayi a hannu, ina cewa Bachan tana cin Massao.

Ta rufe ido tana juya harshe. Da ta buɗe sai ta ce, "Wannan sakaran yana da rai. Gajumaru ne. Ɗauko tulu."

Na zube a ƙasa ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Ita ko kallona ba ta yi ba, tana ta faɗa wai in wanke tulun da kyau, warin gwaiba yake. Da ruwan ya kwanta ta sa aka kai mata kujera kicin aka lulluɓe ta da bargo. Ta gwada da harshe, ta sa na sirka. Na kwaɓa tana dukan hannuna, na murza tana dukan hannuna, na yanka ta ce kaurin wannan sai a ɗaure jaki. Ashe ba ta yarda a dafa nan take, sai kwaɓin ya huta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ƙyalle, bayan an tafasa kuma a shafe taliyar da mai tun da zafinta, ba a wanke ta. Duk wannan tana sane, tana kwance tana kallona ina ƙona rabin itatuwan gari.

Na ajiye mata kwanon. Ta ɗaga taliya, ta zuƙa da ƙarar da na tabbata an ji a titi. Ta ci har ƙasa, ta ɗaga kwanon ta shanye romon. Na tambaye ta ko ita ce taliyar da take nema. Ta ce, "Ba ita ba ce, kin cika ruwa. Ƙaro."

Tun ranar take ci. Ba da yawa ba, amma safe da yamma, kuma kullum da sabon laifin da za ta samu a taliyata, wanda ya zama dole ta tashi gobe ta gyara. Likita ya zo ya ɗora ta a sikeli ya tafi yana sosa ƙeya. Ta sa na sayo takardu masu launi, ta yi wa rumfa fitila biyu, sauran ni take koya wa. Tokarka ba za ta daɗe ba, shi ya sa muke haɗa ta da ta gwaiba, kullum ina ƙara gwaibar kaɗan-kaɗan. Ina zaton ba ta sani ba. Ina kuma zaton ta sani.

Jiya na same ta da farar takardarka a kan cinya, ta goge ta ta miƙe. Ta ɗebi cokali ɗaya na tokar ta zuba a tsakiya, ta ninke, leɓen sama a kan na ƙasa, ta ɗaure da zarenka baƙi da fari. Na ce Bachan, ai kin maimaita kuskurensa. Ta ce wannan nata ne, ranar da za a rufe ta a sa mata shi a hannu, tunda ba za ta koma Haneji ba, Haneji ya zo. Ta ajiye shi a teburin kakanni.

Ta ce in gaya maka, "Yaron bai yi kuskure ba, sauri ya yi."

Daga nan ta tambaye ni ko kwaɓin yamma ya huta, ta miƙo hannu in ɗaga ta.

Ƙanwarka,
Neuza